Gaisuwar da Bindigar Kaka ta Ƙarasa

Ba zan taɓa mantawa da bikin yayana Mamman ba, ko na so mantawar ma mutanen 'Yankuzo ba za su bar ni ba. Lokacin kowa zancen hanyar jirgin ƙasa da ake ja zuwa Gusau yake yi, ni kuwa bindigar kakanmu ce kawai a raina. Tsohuwar bindigar toka ce, ta girmi zuwan Nasara, kuma a gidanmu ba a shigo da amarya sai an ɗura mata albarushi zalla an harba sama. Baba ya ce wannan karon ni zan harba. In na fitar da shi kunya bindiga ta zama tawa, in ko na kwafsa ta koma hannun ƙanena Idi.

Murna kamar ta kashe ni. Sai dai kunamar bindigar tauri gare ta, sai ka sa yatsa biyu ka cije leɓe kafin ta tashi, ni kuma ba na so 'yan matan Bilbis masu rakiyar amarya su ga ina nishi. Na je na ari magagari wurin maƙera da sunan zan gyara lauje (Allah Ya yafe mini), na shige bayan rumbu na kwance kunamar. Na goga, na shafa man kaɗanya, na mayar na gwada, ta yi laushi. Mai hankali nan zai tsaya. Ni daɗi ya ɗebe ni, na ƙara gogawa, na kuma ƙarawa, har ta kai ko hura ta ka yi za ta amsa.

Ranar biki da la'asar muka jiyo guɗa daga hanyar Bilbis. Na ɗura albarushi, na ɗana bindiga, na tsaya ƙofar gida cikin sabuwar taguwa, ƙirji a waje. Sai ga kawun amarya, Malam Barmo, ya riga ayari isowa, yana jan takarkari da aka labta wa kayan ɗakinta, su ƙore da tukwane. To, ka san ba a gaida babba a tsaye. Na zube ƙasa da sauri don a ga tarbiyya, gindin bindiga ya daki ƙasa.

"Sannu da zuwa, Kawu..."

Bindiga ce ta ƙarasa gaisuwar. Allah Ya tsare, bakinta na kallon sama, amma ƙarar har Tsafe aka ce an ji (ban yarda ba, ban kuma musa ba). Da hayaƙi ya washe sai ga Malam Barmo zaune daɓas yana salati, rawani a gefe. Takarkari ya fizge igiya ya faɗa gonar dawa, ƙoren amarya na zuba suna fashewa. Ni kuwa fuska baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, har lokacin ina durƙushe.

Haka amarya ta shigo gidanmu shiru ba harbi, 'yan matan da nake yi dominsu suna tsintar sakaina suna ƙunshe dariya. Kunya ta hana ni ɗaga kai.

Baba ya karɓi bindigar ya taɓa kunamar. "Mi ka yi mata?"

"Laushi na sa mata, Baba."

"Kakanka ba magagari ya rasa ba," in ji shi. "Da gangan ya bar ta da tauri, ya san irin jikokin da za ya bari." Ya miƙa wa Idi, ya ce gobe ya kai maƙera su mayar mata da taurinta.

Tun ranar na koyi tambayar dalili kafin in gyara abin da na tarar. Amma har yau in na zo durƙusa wa dattijo a kasuwar Tsafe, sai ya ja da baya ya ce, "Bari, ɗana, daga tsaye ma na amsa."