Gaisuwar da Ta Cinye Mini Minti Bakwai

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Asabar ɗin nan ba, ko na so in manta mutanen unguwarmu a nan Tamanrasset ba za su bar ni ba. Ni magini ne. Na baro Damagaram ina saurayi, na yi shekara talatin da wani abu ina ɗora bulo a garin nan, yanzu gwiwa ta gaji, gemu ya yi fari. Lekkol kuwa, wato makarantar boko, aji biyar na yi aka cire ni. Ina karatu, ina rubutu, amma a hankali, kamar mai hawa bene da buhun siminti a ka.

In faɗi gaskiya, ban yi wa sana'ata adalci ba. Samari da yawa sun zo daga gida sun yi aiki a ƙarƙashina a shantiye, wato wurin gini. In ɗaya ya tambaye ni dalilin da ya sa nake jiƙa bango kafin in yi masa shafe, sai in daka masa tsawa in ce ya zuba ido. Tsoro nake ji kada su iya su ƙwace mini aiki. Da na tsufa na fara ganin ana sallamar irinsu saboda shafensu ya tsattsage, abin da magana uku za ta gyara, sai abin ya tsaya mini a rai.

Ɗiyata Rakiya, wadda ke aiki a wani buro, wato ofis, ita ta kawo mini labarin wata formasiyon, wato horo, da ake yi ta waya. Sati shida ne, ana koya wa masu sana'a yadda za su tsara darasi da Hausa a sa a intanet. Mu goma sha biyu aka ɗauka, daga garuruwa daban-daban, aka ce a ƙarshe za a zaɓi uku a ɗauki darussansu a yaɗa. Na ce wa raina ga hanyar gyara abin da na ɓata. Na ƙudura sai na shiga cikin ukun nan.

Mai koya mana, Malama Zuwaira, daga Yamai take magana, kuma ba ta girmi Rakiya ba. A satin farko ta ce kowa ya rubuta burinsa. Na zauna na rubuta cewa ina so in koya wa duk samarin Nijar gini, tun daga tushe har rufi. Ta karanta, sannan ta ce, "Baba, wannan ai addu'a ce. Mun ce amin. Yanzu a ba ni abu guda da za a iya gamawa." Muka yi ta ragewa har ya dawo darasi ɗaya: yadda ake shafen bango a wuri mai bushewar iska irin namu ba tare da ya tsage ba.

Sati na biyu aka zo kan tsara lokaci. Ta ce kowa ya ware rabin awa kullum, ya rubuta, ya manna inda zai riƙa gani. Na rubuta "bayan la'asar" sau bakwai, na manna a ƙofar ɗaki da hannuna. (Takardar ta yi kyau ƙwarai, har da layi na ja mata da ma'aunin gini.) Matsalar ita ce bayan la'asar ne abokina Ghumar, mai lambun dabino a Abalessa, yake biyowa in ya shigo gari, kuma kusan kullum yana gari. Shi da butar shayinsa ba sa rabuwa. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san ba a tashi kafin kofi na uku. Kafin a sha na ukun an kira magariba. Haka sati huɗu suka wuce ina wuce takardata ina kau da kai.

Jarrabawar ƙarshe kuwa mai sauƙi ce a baki. Kowa zai koyar da darasinsa kai tsaye a gaban sauran, cikin minti bakwai. Malama ta ce a gwada a gida da agogo aƙalla sau uku, don in lokaci ya cika mikro, wato makirufo, zai rufe da kansa, a wuce kan na gaba. Na ji ta sarai. Amma a zuciyata na ce wannan gargaɗi na yara ne. Wace ɗiya mai tarbiyya za ta katse dattijo yana magana? Rakiya ta zo da wayarta ta ce in gwada ta riƙe mini agogo, na ce mata ina shafe tun kafin in ga uwarta, ba na bukatar gwaji. Ta ce to, Baba. Irin "to" ɗin nan da ya kamata mutum ya ji tsoronsa.

Ranar Asabar na tashi da shiri. Na kwaɓa siminti da yashi a tsakar gida, na jingina waya a kan bulo biyu tana kallon katangar da zan shafe, na sa babbar riga a kan kayan aiki. Na gayyaci Ghumar ya zama shaida, ya zauna a tabarma da butarsa. Rakiya na ce ta tsaya can gefe kada ta motsa. Da aka kira sunana sai na rage ƙarar wayar, wai don kada hayaniya ta rikita ni, na gyara murya.

Na fara da sallama, kamar kowane ɗan mutunci. Na gaida Malama, na tambayi maigidanta, na tambayi jaririnta da muke jin kukansa a darasi, ko haƙoran sun fito. Sannan na ga fuskokin abokan karatuna a jere a ƙananan akwatuna, sai na ga ba zai yiwu in gaida ɗaya in tsallake ɗaya ba. Na gaida mai ɗinkin Maraɗi, na tambayi jikin tsohuwarta. Na gaida bakaniken Agadas, na tambaye shi zafi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, har na ƙara ƙarar wayar don in ji amsa. Su kuma, Allah ya yi musu albarka, kowa sai ya buɗe mikro ya amsa, "Lafiya lau, Baba, ya ƙarfin jiki?" Ni kuma in amsa. Daga nan na sake rage ƙarar, na yi addu'a ga marigayi maigidana da ya koya mini gini, na ɗan taɓa labarin yadda na iso Tamanrasset a bayan babbar mota. Ɗan kaɗan, a ganina.

Na ce, "To, yanzu sai mu shiga darasi." Na tuɓe babbar riga, na juya ga katanga.

Wallahi ban taɓa koyarwa mai daɗi irin ta ranar ba. Na yayyafa wa bango ruwa ina bayani. Na nuna yadda ake gane kwaɓi ya yi daidai. Na shafa, na goge, na ja baya na duba. Na hango Rakiya tana ɗaga mini hannu, na harare ta. Ta sake, na yi mata alamar ta kiyaye ni. Sai da na shafe kusan rabin katanga na juyo da murmushi na tambaya ko akwai mai tambaya.

Ba fuskata ce a wayar ba. Bakaniken Agadas ne riƙe da wani ƙarfe yana bayani, kuma da alama ya kusa gamawa.

Rakiya ta matso a hankali ta ce, "Baba, tun ɗazu aka rufe maka mikro. Daidai inda ka ce mu shiga darasi. Mutum biyu sun yi nasu bayanka."

Na tsaya da cokalin gini a hannu, siminti yana ɗiga a kan takalmina. Na dubi wayar, na dubi katangar, na sake duban wayar. Sai ta ƙara mini da cewa kamera ba ta rufe ba. Wato duk tsawon lokacin nan ina can a ƙaramin akwati a kusurwa, ina wurga hannu ina yi wa bango wa'azi, mutum goma sha biyu suna kallo ba sa jin ko kalma. Na zauna a kan buhun siminti.

Ghumar ya zuba shayi daga sama, ya miƙo mini, ya ce da irin Hausarsa, "Sha, abokina. Katanga dai ta gane darasi."

Ba a zaɓe ni ba. Mai ɗinkin Maraɗi ta samu, da bakaniken, da wata mai yin sabulu. Na kwana biyu ban leƙa kasuwa ba. A rana ta uku Malama Zuwaira ta kira ni, ta gaishe ni da ladabi (gajeriyar gaisuwa, na lura), ta ba ni haƙuri, ta ce ba ita ta rufe ba, na'ura ce, kuma na'ura ba ta san furfura ba. Sannan ta yi ta kewaye-kewaye har ta iso inda za ta. Wai tana neman izinina ta riƙa nuna wa sababbin ɗalibai hoton jarrabawata a satin da ake koyar da tsara lokaci.

Na ce ta nuna. Laifina ne, ba na kowa ba, kuma na nemi gafarar Rakiya a gaban uwarta.

To ka ji yadda na zama malami a intanet. An ce darasina ne ɗalibai suka fi ganewa, ba a taɓa maimaita wa kowa shi ba. Abin da na koya da tsufana shi ne, in an ba ka minti bakwai, ka yi sallama ka faɗi abin da ya kawo ka. Haƙoran jariri za su jira ka gama.