Ƙungiyar Ba Ruwanka

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yi mana shafin intanet ba. Ko na so in manta, mutanen Batsari ba za su bari ba.

Ni ba mai yawan magana ba ce, kuma ban yi boko ba. Daga wani ƙauye na ƙasar Ruma muka taso, shekarar da zama ya gagara. Kafin mu taso an ɗauke maigidana, Malam, daga gona, ya yi kwana arba'in ba ɗaya a daji. Ni na riƙe waya duk tsawon kwanakin, don ƙannensa da sun ji ta yi ƙara sai su kasa ɗauka. A nan na yi nawa karatun. Darasi ɗaya ne: muryar da ba ki sani ba, in ta tambaye ki me kike da shi, ba ki da komai. In ta tambayi wa kike da shi, ba ki da kowa. Mai kiran nan kuwa ya iya gaisuwa. Sai ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi gajiya, sannan ya tambayi shanu. Tun daga lokacin mai ladabi a waya ya fi mai zagi ba ni tsoro.

Malam ya dawo da ransa, muka tattara muka shigo garin Batsari. A nan muka haɗu mu goma sha tara, duk matan da aka koro daga ƙauyuka, muna matsar man gyaɗa muna suyar ƙuli-ƙuli. Suka sa ni shugaba (ba don ilimi ba, don dai in na ce a'a ba na maimaitawa). Yin man bai taɓa damunmu ba, kai shi kasuwa ne damuwar. Mai son ciniki mai kyau sai ta ɗaure jarka a babur ta bi hanyar da kowa ya san halinta. Talatu mataimakiyata, 'yar Babban Duhu, sau biyu tana dira daga babur ta shige cikin gero, jarka ta yi nata waje.

Sai ga labari, wai wata Malama Hadiza za ta zo daga Katsina ta yi wa ƙungiyoyin mata shafi a intanet, kuma da yamma wani Alhaji mai sarin kayan abinci zai zo ya duba. Waɗanda shafinsu ya yi masa, su zai riƙa turo wa mota har gari, ya kuma tura shafin ga abokan cinikinsa. Mota har gari. Ma'ana ba sauran mai hawa babur da jarka. Wannan kaɗai na ji, ya kuwa ishe ni.

Ranar na makara. Ƙuli yana kan wuta, ba a barinsa don taro. Ko da na isa ajin firamaren da aka ara mana, Malama ta kusa gama bayani. Abin da ya wuce ni, wanda sai daga baya Talatu ta maimaita mini, shi ne wannan. A da, in ana son shafi, sai an nemo gwanin kwamfuta ya yi makonni yana rubuce-rubuce. Daga baya aka samu manhajar da mutum ke jera hotuna da kansa kamar mai shirya faifan talla. Yanzu kuma yayi ya canza, an fito da wadda ake yi wa magana da baki, ta yi tambayoyi, ta gina shafin da kanta tun ruwan shayi bai tafasa ba. Ƙirƙirarriyar basira ake ce mata. Abin nufi, ba mutum a ciki. Wannan ɗan guntun, "ba mutum a ciki", shi ne rashin jinsa ya cuce ni.

Malama ta gaishe ni, ta ce, "Gwaggo, kin gane ko in maimaita?"

Na ce na gane. (Shugaba ce ni. A gaban matan Safana da suka zo taron zan ce ban gane ba?)

Ta raba wa shugabanni waya da abin sawa a kunne, ta ce kowa ta samu lungu, za a yi mata tambayoyi ta amsa. Na koma bayan aji, gindin wani dogon yaro, na sa abin a kunne. Sai na ji muryar namiji, a natse, Hausarsa kamar ta mai karanta labarai. Ya yi sallama. Ya yi mini barka da zuwa. Ya ce yana farin cikin taimaka mini.

Na ce a raina, ga su nan, har nan sun biyo mu. Ban zargi Malama ba, yarinyar kirki ce, amma 'yar birni ina ta san wanda ke ɗaya gefen waya? Na ɗauka shafin ita za ta yi shi da hannunta, tunda ta san mu, wannan kuma wani ne aka sa ya ɗauki bayani. Mai ɗaukar bayani kuwa mun san inda bayaninsa ke ƙarewa.

Ya tambayi sunan ƙungiyarmu. Na ce ba ruwanka. Ya ce madalla, suna ne mai jan hankali. Na ce lallai wannan tsohon hannu ne, zagi ba ya taɓa shi. Ya tambayi abin da muke sayarwa, na ce ba ma sayar da komai, ba mu da komai, ko akuya. Ya tambayi inda muke, na ce mun tashi. Lambar waya fa? Na ce ta aro ce. Ya ce wane launi nake so, na ce wanda Allah ya hore masa. Sai ya sassauta murya ya ce in ba shi ɗan tarihina da na iyalina, wai mutane suna son sanin wanda ke bayan sana'a. A nan na tabbatar. Ai haka suke lalubo wanda za su kama. Na ce mijina ya mutu, ba ni da kowa. Daga ƙarshe ya ce wane saƙo zan bar wa duk wanda ya zo. Na ce ku ji tsoron Allah.

Ya yi godiya, ya ce in ɗan jira. Na cire abin kunnen ina jin kaina kamar wadda ta kori kura daga garke. Malama ta zo wucewa da gudu, sabis na ta yanke mata, ƙungiyoyi tara na kiranta. Ta ce an gama? Na duba? Na leƙa wayar na ga launi da rubutu tsaf, na gyaɗa kai. Talatu ta tambaye ni yadda aka yi, na ce mata kawai na gama da shi. Ta ce ai ta san ni.

Bayan azahar aka tada janareta, aka haska majigi a bango. Aji ya cika har taga. Alhaji ya zauna a gaba da carbinsa. Malam ma ya zo, shi ya kawo mana jarkar gwaji da ledar ƙuli, ya samu benci a can baya ya zauna.

Matan Tsaskiya masu man shanu aka fara kira. Shafinsu ya fito da fararen shanu da ƙore a jere, ga wani wuri da in an taɓa sai saƙo ya tafi. Shugabarsu Bafulatana ce, ita ma ba ta faɗi yawan shanunsu ba, amma ta san inda ake tsayawa. Aka tafa. Aka yi na masu daddawa, aka tafa. Sai aka kira mu.

Na fita na tsaya gefen bango, na gyara mayafi. Hoto ya fito: ƙwarya babba, wofi, da wata mata ta juya baya. Na ce a raina ƙwaryar dai mai kyau ce. Na ga masu karatu sun fara sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Na ɗauka burgewa ce. Har murmushi na yi, ni da ba na yi. Malama kuwa tana ta fama da waya, ba ta ɗaga kai ta dubi bango ba. Ta ce wani abin da ake yayi yanzu shi ne shafi ya karanta kansa saboda waɗanda ba su yi karatu ba, bari mu ji na su Gwaggo. Ta taɓa.

Muryar nan ce dai. Ta cika aji.

"Barka da zuwa shafin Ƙungiyar Ba Ruwanka. Mu mata ne masu gaskiya, kuma muna alfahari da cewa ba mu da komai, ko akuya. Kayayyakinmu: babu. Inda muke: mun tashi. Domin tuntuɓa, wayarmu ta aro ce."

Sai a lokacin Malama ta ɗaga kai ta dubi bango. Ta kai hannu za ta kashe, wayar ta ƙi. Muryar ta ci gaba, har da rage sauti irin na gidan makoki.

"An kafa wannan ƙungiya ne bayan rasuwar mijin shugabarmu, wanda ya tafi ya bar ta ba ta da kowa. Allah ya jiƙansa."

Ka san mutanenmu. Ba a addu'a a bar ta a ƙasa. Rabin aji suka ce amin kafin su tuna wa ake nufi. Sai daga can baya Malam ya yi gyaran murya ya ce, "Amin. Amma a ɗan jira ni, ban shirya ba."

Aji ya tarwatse. Wata daga taga har da faɗuwa. Muryar kuwa ba ta fasa ba, ta ƙarasa da cewa duk mai son ƙarin bayani ya taɓa nan ya ji tsoron Allah. Talatu ta riƙe ciki ta ce, "Shugaba, ashe takaba kike yi ba ki gaya muna ba? Da mun kawo gumba."

Ni da na yi kwana arba'in ba ɗaya ina ja-in-ja da masu bindiga ƙafata ba ta yi rawa ba, ranar sai da na dafa bango. Bangon ma ba sutura, majigi na haska ni, rubutun ya hau kan mayafina. An ce daidai ƙirjina aka rubuta "babu".

Alhaji ya goge hawayen dariya da bakin rigarsa, ya ce shi dai ɗan kasuwa ne, ba ya turo mota wurin waɗanda suka tashi, a kira na gaba. Na dubi matanmu. Sun daina dariya. Talatu ma ta daina. Ita ce mai hawa babur ranar kasuwa mai zuwa.

Malama ta matso kusa, ta tambaye ni a hankali me ya sa na amsa haka. Na ce, "Na ɗauka su ne."

Aji duka ya ji ni. Duk wanda ke ajin nan ya san su waye su. Alhaji ya ajiye carbi. Malama ta ce ba mutum a ciki, na'ura ce, abin da aka ba ta shi take jerawa. Ta ce amma tsorona bai faɗi ƙasa banza ba, ba dole a sa unguwarmu ko lambar kowa a shafi ba, saƙo zai iya bi ta wurin Alhaji, a haɗu a tasha. Abin da aka ɗora a faifai shi ake gani, na ɗaki yana ɗaki. Sai dai faifan ba zai fita wofi ba. Ta roƙi Alhaji ya ba mu zuwa la'asar, ya ce ya ba mu. Ta cire abin kunnen, ta buɗe murya kowa na ji, ta miƙo mini wayar.

Aka sake sallama, aka sake tambayar me muke sayarwa. Wallahi shekara nawa ban ce wa baƙuwar murya ina da wani abu ba. Na ce, "Muna da man gyaɗa."

Ba abin da ya faru. Ba wanda ya shigo. Na ƙara da cewa muna da ƙuli. Da aka tambayi kyawun man na ce ba laifi, sai Talatu ta fizge wayar ta ce ba gami, ba ruwa, gyaɗar bana ce, a rubuta haka nan, Shugaba ba ta iya yabon kanta ba sai kashe miji. Da aka zo kan iyali, Malam ya ɗaga murya daga baya ya ce a sa yana nan.

Kafin a kira la'asar sabon shafi ya fito, da kwalaben mai a jere da tulin ƙuli. Alhaji ya sa aka kawo masa ledar da Malam ya zo da ita. Ya tauna ɗaya, ya tauna na biyu, ya shinshina man. Ya ce zai gwada mu, mota sau ɗaya a mako biyu, mu haɗa da matan Tsaskiya. Ba abin da muka so duka ba ne, amma Talatu ba ta sake ɗaure jarka a babur ba.

Mun sa wa ƙungiya suna mai kyau, da albarka a ciki. Ba mai kiranta da shi. Direban Alhaji in ya iso tasha cewa yake ina 'yan Ba Ruwanka. Malam kuwa ya fi wata uku ana ce masa Marigayi a ƙofar masallaci, yana amsawa.

Abin da na koya ba shi da yawa. In an ce kin gane, ba ki gane ba, ki ce a maimaita, ba a taɓa tsige shugaba don wannan ba. In kuma ƙarya ta kama ki, ki yi wa ɗan Adam. Shi in kika ce ba ki da komai, ya san ciniki aka fara, zai rage rabi da kansa. Na'ura ba ta ragi.