Hoton Babban Kifi

Allah ya yi wa bayinsa baiwa iri-iri, amma ta Babban Kifi daban ce. Shi ne mai kamfanin manhajar da mu masu kantin magani muke aiki da ita, wadda ke nuna mana abin da ya rage a kanta da kuɗin kowane magani. Kamfani ne gagarumi: ɗaki biyu a saman shagon mai walda, fanka ɗaya, ita ma shi kaɗai take kallo. Sunan kuwa shi ya jawo wa kansa, don ba ya buɗe baki sai ya ce, "A kasuwa, babban kifi ke haɗiye ƙarami."

Babbar gudummawarsa ga lafiyar al'umma ita ce fuskarsa. Kina kunna kwamfuta sai ga shi ya cika allo, hannu a haɓa, agogo a waje, yana murmushin wanda ya ƙirƙiro allura. Sai ya ƙoshi da kallonki manhaja za ta buɗe. Uwa na tsaye da ɗa mai zazzaɓi a kafaɗa, dole ita ma ta jira a gama gaisuwa.

Kwatsam sai ga labari: wani katafaren kamfani, wanda ya riga ya tattare masu manhajar asibitoci da dama, yana son haɗewa da nasa. Ranar har mai walda sai da ya sha jawabi.

"Inuwa suka zo nema," in ji shi, yana gyara wuyan riga. "Zan karɓe su. Ni ba na wulaƙanta na ƙasa da ni."

Matarsa ta ce, "Baban yara, ka dai karanta kafin ka sa hannu." Ya ce kifi ba a koya masa iyo.

Aka zauna. Baƙi suka ce sunan kamfaninsa zai tafi, ya ce ba komai. Suka ce kujerar shugaba tasu ce, ya ce da ma bayansa na ciwo. Abu ɗaya ya buga tebur a kai.

"Hotona ba ya fita daga manhaja. Jama'a sun saba. Akwai masu samun sauƙi da ganina kawai."

Shugabar baƙin ta dubi lauyanta, lauya ya dubi fanka. Ta ce an amince. Babban Kifi ya sauko yana shelar ya kayar da su ƙasa warwas.

Kuma mutanen kirki ne, sun cika alkawari. Yanzu manhaja na buɗewa kamar ƙiftawar ido, babu fuskar kowa. Hoton yana nan daram, sai dai an canza masa wurin aiki: ba ya fitowa sai na'ura ta cije. Nan zai bayyana da murmushinsa, a ƙarƙashinsa an rubuta, "A yi haƙuri, an samu matsala." Da mun ce "Kifi ya taso," masu jiran magani sun san zama ya kama su. Tsofaffin da ba su taɓa jin sunansa ba yanzu suna yi masa tsaki kamar ɗan da suka haifa. Shi kuwa cewa yake farin jini ne. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Rannan sai ga shi a kantina, kunci a kumbure, haƙori ya hana shi jawabi. Ina taɓa kwamfuta, Kifi ya taso. Ya tsaya dafe da muƙamuƙi, na allo na yi masa murmushi. Ya jure, ya jure, ya kasa.

"Baiwar Allah, cire mini wannan fuskar ki ba ni magani."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba ta ciruwa. Kai ka sa hannu."