Rasuwar Gwaggo, Bindiga Mai Taurin Kunama

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki da ɗan fushin da ba zan ɓoye ba, nake sanar da 'yan ƙungiyar Hausawa mazauna Dubai rasuwar Gwaggo, ƙaramar bindigar haya mafi araha a kulob ɗin harbin da muke zuwa duk Asabar. Ta rasu ana jajibirin gasar ƙungiya, bayan gajeruwar jinya mai ƙamshi.

Marigayiya ba 'yar babban gida ba ce. An ƙera ta 'yar mitsitsiya don a soke ta a ƙugu a rufe da riga, amma rabo ya kawo ta garin da baƙo ba ya yawo da makami. Don haka ta ƙare rayuwarta tsakanin akwatin ƙarfe da layin harbi. Ba ta taɓa nuna ɗan Adam ba, takarda kawai ta sani, ita ma takardar ba kullum take samunta ba.

Duk wanda ya riƙe ta zai tuna kunamarta, wato ɗan ƙarfen nan da yatsa ke ja. Doguwa ce, mai nauyi, kamar an zuba mata yashi. Ka fara ja sai ta ce ƙiiii, irin kukan ƙofar tsohon shagon tela a unguwar Satwa. Ka ci gaba sai ta ce ƙurus-ƙurus, ta tsaya ta yi shawara. Sai ka fid da rai sannan ta ce tau! Abin da ya sa muka raɗa mata Gwaggo ke nan: ba ta amincewa sai an bi ta a hankali. In hannunka na rawa, ta tona maka asiri a gaban jama'a. In ka fizge ta da gaggawa, ta aika harsashinka ƙasa ya gai da siminti. Ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya a kan iyawarsa ba.

Ba zan zalunci maƙwabciyarta ta akwati ba, mai tsadar nan da muke kira 'Yar Gata. Kunamarta gajera ce, sumul, ka taɓa ta ce ƙas, kamar an ɓalle ƙuli-ƙuli. Tana da kyau, na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda shekara da shekaru kuɗin wasannin ƙungiya ke ƙarewa a hayarta, dattawa ƙalilan su harba, su ɗauki hoto, a wuce cin shinkafar mandi ta Larabawa, ɗalibanmu kuwa suna bayan gilashi suna tafi. Na kawo shawara a riƙa hayar masu araha, a koya wa kowane ɗalibi. Shugabanmu Alhaji Ɗalhatu, mai kamfanin jigilar kaya, ya dube ni ya ce, "Injiniya, wannan gwangwanin me zai koya wa yaro ban da ciwon yatsa?" A nan aka yi yarjejeniya: ni da Gwaggo, shi da 'Yar Gata. Wanda ya ci gasa, shawararsa za a bi.

Yanzu ga yadda ajali ya zo. Malam Badaru, mai shagon turare a unguwar Abu Hail, mutumin kirki kuma babban mai goya mini baya, ya raka ni atisayen ƙarshe. Kukan kunamar ya ba shi tausayi. Na sauke harsasai na ajiye ta, mai kula da layi ya juya baya, sai Malam Badaru ya zaro 'yar kwalba daga aljihu ya ɗiga mata man turaren oud mai kauri. Da na juyo ya raɗa mini, "Na asali ne, Injiniya, ba wanda nake sayar wa masu yawon buɗe ido ba."

Jama'a, wannan ita ce cutarmu, kuma zan faɗa ko da a zaman makoki ne. Duk abin da ya yi ƙara, mu shafa masa mai mu ce a lallaɓa. Janareta mai, gwiwa mai, ƙungiya ma mai. Ga masanin gyara zaune a ɗaki na gaba, an ɗauke shi aiki don wannan, amma ba mai tambayarsa.

Man ya haɗu da baƙin hayaƙin da ya taru a cikinta ya zama danƙo. Na ja kunama, ta tafi, ba ta dawo ba. Ko ƙiiii ɗin ban kwana ba ta yi ba. Masanin gyaran ya buɗe ta, ya shaƙa, ya lumshe ido, ya ce, "Khalas, habibi," wato shi ke nan, ta ƙare. Ya ce dama jikinta ya gaji, gyaran kuma ya fi ƙarfin darajarta. An roƙi Malam Badaru cikin ladabi da ya riƙa tsayawa a wajen shan shayi.

Washegari sauran masu arahar suna hannun wasu, dole na shiga gasa da 'Yar Gata. Yatsan da ya saba jan buhu aka ba shi auduga. Na ci gasar, cin da ya fi faɗuwa ciwo, domin Alhaji ya tashi yana dariya yana cewa, "Kun gani? Bindigar ce! Kuma gwangwaninsa bai halarta ba, yarjejeniya ta rushe." Na buɗe baki zan yi jawabi, Allah ya taimaki kowa Hajiya Wasila, ma'ajin ƙungiya, ta riga ni.

Ta ce, "Alhaji, bindiga ɗaya kuka riƙe yau, kai da Injiniya. Shi ya huda tsakiya. Kai kuma takardar maƙwabcinka ka huda, har ya gode maka. To wa ya horar da yatsansa in ba Gwaggo ba?"

Alhaji ya cire hula, ya duba cikinta, ya mayar. Ya ce, "Yalla, na yarda, a yi wa yaran hayar masu arahar."

Marigayiya ta bar ƙanne biyu a akwati ɗaya, masu taurin kai irin nata. Ta bar kanta a yatsana na dama. Ta bar ɗalibai masu yawa da ba su san ta ba amma za su ci gadonta. Ta bar 'Yar Gata, wadda za ta koma fitowa ranar gasa kawai, da kuma Malam Badaru, wanda har yanzu yake cewa ai ba a ba man lokaci ya ratsa ba.

Doka ba ta ba mu gawa ba, kulob ne zai yi mata sutura yadda aka tsara. Za a yi zaman karɓar gaisuwa ranar Lahadi bayan La'asar a falona da ke Abu Hail, akwai shayi da dabino. Sadakar bakwai kuwa ita ce darasin farko na ɗalibai, Asabar mai zuwa da hantsi. Alhaji Ɗalhatu ya yi alkawarin halarta, an kuma ware masa wadda ta fi tauri cikin ƙannen.

Masu zuwa ta'aziyya, don Allah kada kowa ya kawo turare. An riga an yi mata, ya kuma isa.

Mai alhini,
Injiniya Abdulmuhaimin Sanda