Tallar da Na Tura Ba Sallama

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na bi shawarar mai kwat ba.

Sunana Mamman. Ban yi boko ba, kuma ba ni da yawan magana. Shinkafa 'yar gida nake sayarwa a Talata Mafara, ina saro ta daga manoman Bakura. Kafin nan manomi ne ni, a wani ƙauye wajen Gidan Goga. Ƙauyen ya watse. Ba sai na faɗi yadda ya watse ba. Matata ta rasu shekara guda bayan fitowarmu, tun daga nan nake zaune a ɗakin haya, daga ni sai buhuna.

Mutanenmu sun bazu, wasu Maradun, wasu Bakura, wasu har Sakkwato. Abin da ya rage mana na gari shi ne guruf a waya, inda ake tura saƙon murya. Ban taɓa cewa uffan a ciki ba. Da farko ina saurare, daga baya na daina, don labarin ba ya wuce an ɗauke wane, an binne wane. Na bar saƙonni suna taruwa. Amma ban fita ba. In na fita, ban san ko ni ɗan ina ne ba.

Da ciniki ya yi sanyi, ƙungiyarmu ta masu hatsi ta gayyato wani mai ba da shawara kan kasuwanci daga Gusau. Ya zo da kwat cikin zafin nan, da majigi (wuta ta ɗauke tun bai kunna ba, sai ya koma zane da hannu a iska).

Ya ce, "Alhazai, matsalarku gaisuwa ce. Ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina ƙoƙari. Kafin ku iso kan kaya, mai saye ya wuce. Mutumin waya ba ya jira. Kaya, inganci, wuri, shi ke nan. Ku saki murya, ku yi fara'a. Kuma duk guruf ɗin da kuke ciki, kasuwa ce."

Wani dattijo ya ce, "To sallama hwa?"

"Ka ajiye ta, Alhaji, sai ya zo rumfa."

Ya nuna ni, ya ce in gwada. Na miƙe na ce, "Shinkafa. Mai kyau. Bakin tasha." Ya sa aka tafa mini. Ya ce, "Ga irin mutumin da kasuwar zamani take so." Tunda nake, ba wanda ya taɓa yaba mini rashin magana. Na koma gida ina jin kaina kamar wani babban attajiri.

Washegari bayan asuba na zauna a kan buhu na ɗauki murya. Fara'ar ce ta ba ni wuya. Sau shida ina sakewa. A ƙarshe ga abin da ya fito: "Shinkafa! 'Yar Bakura, ba tsakuwa! Mai taro, mai baƙi, garzayo rumfar Mamman bakin tasha, a cika tukunya, a ci a yi murna!" Har da 'yar dariya na ɗora a ƙarshe (in kun ji ta, sai ku ce akuya ce ta shaƙe).

Guruf uku gare ni, da hoto nake gane su. Na masu hatsi, na masu lodin mota, da na ƙauyenmu mai hoton masallacinmu. Na tura duka, na tafi rumfa na zauna ina jiran masu saye.

Da hantsi waya ta yi ƙara. Limamin ƙauyenmu ne, daga Maradun. Ya gaishe ni tsaf, bai tsallake ko ɗaya ba, har da tambayar ya zafi. Sannan ya ce, "Mamman, ka saurari abin da ke saman saƙonka?"

Na ce a'a.

Ya ce, "Saurara." Ya kashe.

Na buɗe. Sanarwa ce: Lawwali ya rasu jiya a Bakura, an yi jana'iza bayan la'asar. Lawwali da gonata da tasa suke iyaka ɗaya. Shi ya ɗauko matata a babur ranar da muka gudo. Ƙarƙashin sanarwar, ta'aziyya ce jere, wannan na addu'a, wancan murya na rawa. Sai ni, ina cewa a ci a yi murna. Bayan nawa, ba wanda ya ƙara cewa komai.

Na koma sama. Ashe ya yi mako biyu yana jinya. Akwai muryarsa ma, ƙasa-ƙasa: "Mamman na nan kuwa? Wanda yag gane shi ya gaishe min shi."

Na nemi goge tawa, ban iya ba. Duk abin da na taɓa, sai ta sake tashi da ƙarfi a tsakiyar kasuwa, har da dariyar.

Abu biyu ya rage mini. In fita guruf ɗin in zama ba ni da kowa, ko in je in nuna fuskata. Na rufe rumfa na hau babur zuwa Bakura.

Na tarar da mutanenmu a ƙofar gidan rasuwar, tabarmi cike, duk fuskokin da na sani. Na yi sallama. Na bi su ɗaya ɗaya ina gaisuwa. Da na zo kan Baba Ummaru, ƙanin mahaifin Lawwali, na durƙusa na yi masa ta'aziyya. Ya amsa, ya dube ni.

"Ashe ka iya gaisuwa, Mamman."

Wani ya yi tari don kada dariya ta fito.

Na ce, "Baba, na yi kuskure."

Ya ce, "Mu ba tallar tad dame mu ba. Shekara uku ba mu ji muryarka ba. Da mako guda da ya wuce ka turo ta, da ya ji. Ko tallar ce, da ya yi dariya."

Gara da ya mare ni.

Ya ce, "Zauna." Aka matsa mini a tabarma. Can aka fito da abinci, shinkafa da wake. Na kasa sa hannu. Wani tsohon maƙwabcina ya turo mini kwanon, ya ce, "Ci a hankali, wagga ba taka ba ce, akwai tsakuwa." Wannan karon har Baba Ummaru ya murmusa. Na ci, kaina a ƙasa.

Na koma Mafara da yamma, ɗakin yana nan shiru yadda na bar shi. Yanzu kowace safiya ina buɗe saƙonnin, masu daɗi da marasa daɗi, ina amsawa da 'yan kalmomina. Mai kwat bai yi ƙarya ba, mutumin waya ba ya jira. Darasin da bai koya mana ba, na koye shi a tabarmar makoki: kafin ka tallata wa mutum shinkafa, ka fara tambaya ko masu cin ta duk suna nan.