Kanumfarin Farfesan Kumfa

Duk faɗin unguwar Barking, can ƙasar Turawa, babu harshe irin na Mista Rwang. Shi ya faɗa, kuma wa ya fi shi sanin harshensa? Da rana yana duba tikiti a tashar jirgin ƙasa, da yamma kuwa masani ne na baƙar giyar alkama ta Jamus, ƙasar da ya taɓa yin kwana biyu cur a cikinta. Mu 'yan Jos na unguwar muna kiransa Farfesan Kumfa. Ya ɗauka yabo ne, har ya buga a katinsa.

"Wannan ba burukutu ba ne da za ka kwankwaɗa kana tsaye," haka yake koyar da duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi. "Za ka yi swirling, wato ka jujjuya kofin, ka shinshina. Mai ilimi zai ji ayaba, ya ji kanumfari. Ba zubawa ake yi ba, yis ne ke kawo su."

Abu ɗaya ke rage wa wannan babban malami jin daɗi: matarsa Zion, shugabar zumuntar matan coci, wadda ya rantse wa a gaban fasto cewa ya daina sha. Shekara shida ke nan, duk ranar da ya sha sai ya tauna kanumfari kafin ya buɗe ƙofa. Yana alfahari da dabarar nan ƙwarai.

Sai ƙungiyar masu ɗanɗana giya ta unguwar Deptford ta nemi sabon alƙali. Rwang ya daɗe yana mafarkin kujerar nan, don ya gaji da zama farfesan da babu mai gayyata. Ranar gwaji ya tsaya a hanya ya sha kwalba ɗaya don wasa harshe. Kwat ɗin da zai sa kuwa tana gida, Zion ma tana gida. Ya cika baki da kanumfari, ya shiga ya fito lafiya.

A zauren gwaji aka jera baƙaƙen kofuna, yadda ba a ganin abin da ke ciki. Tun Baturiyar da ke jagoranci ba ta gama bayani ba, Farfesa ya ɗauki na farko. Ya juya shi, ya kurɓa, ya lumshe ido.

"Kanumfari," in ji shi da Turanci mai nauyi. "Ƙarara. Alkamar Jamus ce, gasasshiya, daga kudu. Na san ma ƙauyen."

Ya yi minti biyar yana yabon kofin. Baturiyar ta jira shi cikin ladabi, sannan ta ce ruwa ne mai gas, an ajiye don kurkure baki.

Ban taɓa jin tausayinsa ba sai ranar. Ya fito bai taɓa sauran kofunan ba, ya yi ta yawo bakin kogi har kwalbar da ya sha da rana ta sake shi. Ya isa gida garau, ya gaishe da Zion a sanyaye.

Ta ɗago daga guga, ta ja hanci. Ƙamshin kanumfarin ɗazu bai bar bakinsa ba.

"Yau kam har sau biyu?"

"Wallahi ruwa kawai na sha."

"Baban Ladi," ta ce, ta juya rigar, "ni ban san warin giya ba. Shekara shida ke nan da kanumfari nake gane ka."