Salansar Motar Baba

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta, da abin da motar Baba ta yi mini a Bompai. Tsohuwar mota ce mai shan gas, wadda ya yi shekaru yana zuwa aiki da ita kamfanin fata a Challawa. Salansarta ta daɗe da hujewa, tun daga kwanar layinmu a Panshekara ake jin rurinta. Da mun ji, sai kowa ya kama kansa, a kashe talabijin, a rarumo littafi.

Da Allah ya yi wa Baba rasuwa, motar ta dawo hannuna. Ni kuwa lokacin ina ji da kaina (an ɗan ƙara mini girma a ofis, har da kujera mai juyawa), sai na ga wannan ƙara ba ajina ba ce. Na kai ta Sharada wajen Malam Habu mai walda, ya cire tsohuwar salansar, ya saka sabuwa tun daga inji har baya. Mota ta koma sai ka kasa kunne kafin ka san tana kunne.

Da yamma na yi sallama a tsakar gida, sai Umma ta zabura.

"Yaushe ka zo? Ban ji motar ba."

"Ai na gyara ta, Umma. Na raba ku da hayaniya."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Can ta ce, "Ni dai in na jiyo ta, nakan ɗan yi kamar shi ne ya dawo, kafin ka shigo."

Ban iya cin abinci ba a daren. Gari na wayewa na koma Sharada, na tono tsohuwar salansar daga tarin ƙarafan da ke jiran 'yan gwangwan. Da na gaya wa Malam Habu dalili, sai ya ce, "Allah ya ji ƙan Malam," ya mayar da ita da 'yar walda da waya mai yawa. Ranar na shiga layinmu ina ruri, zuciyata fes.

Asabar ɗin da ta biyo baya aka ɗaura auren wani abokin aikina a Bompai. Saboda cunkoson tireloli da 'yan adaidaita sahu, na matse motar dab da rumfa, bayanta na kallon dardumar manya (ni da hankalina na yi wannan, ba wanda ya sa ni). Ana shafa fatiha na ce wa abokan ango su shigo in kai su. Na murza mukulli, ta yi tari ta mutu. Na sake, na danne totur har ƙasa don kada ta ba ni kunya.

Sai ji muka yi daram! Salansa ta faɗo a kwalta, baƙin hayaƙi ya turnuƙe rumfar. Maroƙi ya haɗiye kirarin da ke bakinsa. Wasu suka yi ta kansu ba takalmi, wasu na salati. Na fito a guje na damƙi ƙarfen, ya yanke ni, na shafa fuska da hannun da ya yi baƙi ƙirin.

Da hayaƙin ya washe, sai ga waliyyin amarya, wani dattijo, yana nufo ni. Farar babbar rigarsa ta zama kamar an share murhu da ita, har gemunsa bai tsira ba. Na durƙusa.

"Alhaji, don Allah ku yi haƙuri, ku yafe mini."

Ko kallona bai yi ba, motar yake kallo.

"Tun da ka shigo layin nan kunnena yake gaya mini na san ta. Ba motar Malam Sani na Challawa ba ce?"

"Ita ce, Alhaji. Ni ɗansa ne. Ya rasu bara."

Ya ɗora tafinsa a kan but ɗin motar.

"Allahu akbar. Ya sha rage mini hanya in an tashi daga aiki. Kullum muna ce masa ya canja salansar nan, shi kuma ya ce sai wata mai zuwa."

Ya juya ya ce wa jama'a a yi wa abokinsa addu'a. Dattawan da na gama ɓata wa kaya suka ɗaga hannu. Ni kuwa, ƙato da ni, na fashe da kuka a tsakiyar titi, hawaye na zana layi a kan baƙin fuskata (mai hoto bai yi mini kara ba, har yau ina cikin hotunan bikin).

Da Umma ta gan ni a ƙofa, na ba ta labari, ta yi dariya har da riƙe ciki, irin wadda ban ji ba tun kafin takaba. Ta share idonta ta ce, "Je ka mayar da sabuwar, kafin ka kashe bayin Allah."

Abin da na koya shi ne, begen iyaye da addu'a ake yin sa. In kuma mutum ya dage sai ya yi da tsohon ƙarfe, to ya nisanci masu fararen kaya.